Cocin St. Bartholomew na Wusasa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sujada, Matasa da Gadon Iyaye

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin baƙi, da ɗaliban da karatu ya kawo Zariya, da iyayen yara, da maƙwabtanmu Musulmi masu son sanin abin da ake yi a ciki. Wasu kuma 'ya'yan Wusasa ne da suka tashi a Legas ko Abuja ke yin su idan sun zo gida Kirsimeti. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa tarihi.

Ina Wusasa take, kuma cocin na wace ɗarika ne?

Wusasa tana bayan ganuwar birnin Zariya, ta wajen Dutsen Kufena, cikin masarautar Zazzau a Jihar Kaduna. Cocin na ɗarikar Anglican ne, wato yana ƙarƙashin Cocin Nijeriya, wanda ya zama lardi mai cin gashin kansa a 1979. Tun 1997 Wusasa take da dayosis nata, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi, kuma Ali Buba Lamido ne bishop na farko. Sunan cocin na ɗaya daga manzannin Yesu goma sha biyu ne, wanda ake tunawa da shi kowace ranar 24 ga Agusta.

Yaya sujadar Lahadi take gudana?

Wanda ya saba da cocin da fasto ke jan komai da baki zai ga bambanci tun daga ƙofa. A Anglican littafin addu'a ake bi, kuma jama'a suna da nasu kason magana. Mawaƙa da masu hidima suna shigowa a jere ana waƙa, kowa na tsaye. Sai furta zunubi tare, a durƙushe, firist, wato limamin coci, ya sanar da gafara. Daga nan a karanta Zabura, sashe daga Tsohon Alkawari, sashe daga Sabon Alkawari, a faɗi Shaidar Bangaskiya da murya ɗaya, a yi addu'o'i domin ikilisiya da masu mulki da marasa lafiya, sannan wa'azi, baiko, sanarwa da albarka. Ranar da ake Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo domin tunawa da mutuwar Yesu, tsarin yakan ɗan canza, domin ana miƙewa tsaye a ji karatun Bishara, kuma rabin sujadar na biyu yana kan teburin Ubangiji.

Wasu matasa kan ce maimaita addu'a iri ɗaya kowane mako yana kashe zuciya. Ba na ganin haka. Tsohuwar da idonta ya daina ganin rubutu tana faɗin addu'ar furta zunubi daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, domin tun tana yarinya take faɗinta. Ranar da ciwo ya kwantar da mutum, abin da ya haddace shi ke zama tare da shi a kan gado. Lokutan sujada kan sauya saboda bukukuwa ko zuwan bishop, saboda haka baƙo ya duba allon sanarwa ko ya tambayi ofishin coci.

Da wane harshe ake yin sujada?

Da Hausa da Turanci. Ga yawancin iyalan Wusasa na asali Hausa harshen uwa ce, da ita ake raɗa suna, da ita ake makoki. Ko waɗanda kakanninsu suka zo daga Filato ko kudancin Kaduna, a Hausa suka tashi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma Dokta Walter Miller, wanda ya kafa aikin mishan a Zariya, yana cikin manyan waɗanda suka yi fassarar tare da malamai Hausawa da suka zauna da shi. An sake wata fassara mai sauƙin karatu wajen 1980, ita ce aka fi riƙewa yau, ko da yake akwai dattawan da ayoyin tsohuwar fassarar ne a bakinsu. Game da yaran da Hausarsu ta yi rauni, duba amsar da ke ƙasa kan yaron da ya fi son sujadar Turanci.

Ni ba Kirista ba ne, ko kuma ba ɗan Anglican ba ne. Zan iya shiga?

Ƙwarai kuwa. Ba a tambayar kowa takarda a bakin ƙofa, sai dai binciken tsaro da ya zama ruwan dare a wuraren ibada. Ka sa tufafin mutunci, ka kashe ƙarar waya, ka zauna inda masu tarbar baƙi suka nuna maka. Mata galibi suna ɗaura ɗankwali, maza kuma suna cire hula a cikin majami'a. Ba dole ne ka durƙusa ko ka ba da baiko ba. Akwai iyalai da yawa a nan da ɗan'uwa Musulmi ne, ɗan'uwa Kirista, shi ya sa ganin Musulmi a wurin ɗaurin aure ko jana'iza ba baƙon abu ba ne, kamar yadda abincin Sallah ke shigowa gidajen Kirista, na Kirsimeti kuma ya fita. Abu ɗaya da baƙo zai dakata a kai shi ne Jibin Ubangiji, ga bayaninsa a amsa ta gaba.

Wa ya cancanci cin Jibin Ubangiji, kuma mene ne tabbatarwa?

Anglican tana yi wa jarirai baftisma. Iyaye da iyayen baftisma su ne ke ɗaukar alkawari a madadin yaron, cewa za su rene shi cikin bangaskiya. Idan ya yi hankali sai ya shiga ajin koyarwa, ya koyi katikisma, wato tambayoyi da amsoshin bangaskiya, Dokoki Goma, Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya, sannan ya tsaya gaban bishop ya ɗauki alkawarin nan da bakinsa, bishop ya ɗora masa hannu. Wannan ita ce tabbatarwa, kuma bishop kaɗai ke yin ta. Bayanta ne mutum ke fara cin Jibi. Babban da ya ba da gaskiya daga baya shi ma ajin zai shiga kafin baftisma.

Wanda ya zo daga wata ɗarika, kamar ECWA ko COCIN ko Baptist, kuma yana cin Jibi a cocinsu, ya fi kyau ya ga firist kafin sujada ya gabatar da kansa. Iyaye kuma su adana katin baftisma da na tabbatarwa da kyau, domin za a neme su lokacin aure.

Me ya sa launin mayafin bagadi da na firist yake canzawa?

Launin yana nuna lokacin da ake ciki a shekarar ikilisiya. Shunayya ce a makonni huɗu na jiran Kirsimeti da kuma kwana 40 na azumi da ke farawa ranar Larabar Toka. Fari na Kirsimeti da Ista ne, ja na Fentikos, ranar tuna saukowar Ruhu Mai Tsarki, da ranakun shahidai, kore na sauran makonni. Makon da ya fi cika shi ne na kafin Ista, daga Lahadin ganyen dabino zuwa Jumma'ar da ake tuna gicciye Yesu. Akwai kuma godiyar kaka bayan an kawar da amfanin gona, inda manomi ke kawo damin dawa ko buhun masara gaban bagadi, ma'aikaci ya kawo abin da ya samu, ƙungiya-ƙungiya suna fitowa da rawa.

Me aka tanadar wa ƙananan yara?

Makarantar Lahadi, inda ake raba su aji-aji bisa shekaru, a koya musu labaran Littafi Mai Tsarki, haddar ayoyi da waƙoƙi. Malaman masu sa kai ne, ba a biyan su. Roƙo ɗaya gare ku iyaye: kada ku ajiye yaro a bakin aji ku juya gida. Idan an dawo ku tambaye shi ayar da ya haddace, ku sa ya faɗa muku da Hausa.

Mene ne Boys' Brigade da Girls' Brigade? Horon soja ne?

Ba horon soja ba ne, ko da yake fareti da ganguna da kakaki na sa mutum ya zaci haka. William Alexander Smith ne ya kafa Boys' Brigade a birnin Glasgow na Sikotilan a 1883. Malamin makarantar Lahadi ne da samari suka gagare shi, sai ya ga cewa jerin gwano da bin umarni na kama hankalinsu har su zauna su ji Maganar Allah. Ƙungiyar ta iso Nijeriya a 1908. Alamarta anka ce, ƙarfen nan da ake jefawa cikin ruwa ya riƙe jirgi, an ɗauko ta daga Ibraniyawa 6:19. Girls' Brigade takwararta ce ta 'yan mata, takenta kuwa a nemi Almasihu, a bauta masa, a bi shi.

Yaron da ya shiga yana koyon nazarin Littafi Mai Tsarki, taimakon gaggawa, busa da kiɗa, zaman sansani, da zuwa wuri kan lokaci. Su ne ke tsare hanya ranar biki, su ɗauki kujeru, su raka gawa. Iyaye kan yi kukan kuɗin kayan sarki, kuma kukan gaskiya ne. Wanda abin ya yi wa nauyi ya gaya wa kyaftin, wato shugaban reshen ƙungiyar, a asirce, domin sau da yawa akwai kayan waɗanda suka girma. Kafin ku bar yaro ya tafi sansani, ku san sunan babban da zai kula da shi, wurin da za su kwana, da ranar dawowa. Hakkinku ne ku tambaya, kuma shugaban kirki ba zai ji haushi ba.

Samari da 'yan mata da suka wuce wannan fa?

Akwai zumuntar matasa ta Anglican, wadda aka fi sani da AYF, mai taron nazari da addu'a a tsakiyar mako, da fita bishara ƙauyuka, ziyarar asibiti, wasan kwaikwayo, gasar ayoyi da ƙwallo. Akwai ƙungiyar mawaƙa, akwai Girls' Guild da ke ƙarƙashin kulawar iyaye mata. 'Yan sakandare da yawa suna kuma cikin FCS, zumuntar ɗalibai Kirista da aka fara a Gindiri a 1957, wadda ba ta ɗarika ɗaya ba ce. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko wata makarantar Zariya da ke son shiga ba ya bukatar ya zama ɗan gari.

Abin da ke ci wa matasanmu tuwo a ƙwarya ba ɓoyayye ba ne: rashin aikin yi bayan an gama karatu, da ƙwaya da ta shiga kowace unguwa ba ta tambayar addini. Zumuntar da ta tsaya kan waƙa da taron shekara kaɗai ba ta kai ga inda ciwon yake ba. A cikin ikilisiya akwai tela, akwai makaniki, akwai nas, akwai mai gyaran waya da kwamfuta. Kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa, haka iyayenmu suka yi tun farko.

Ɗana ya fi son sujadar Turanci, ya ce ta Hausa ta tsofaffi ce. In tilasta masa?

Tilas ba ta cika haifar da ɗa mai ido ba a wannan sha'ani. Allah yana jin Turanci, kuma yaron da ke zuwa sujada da son ransa ya fi wanda aka ja da ƙarfi. Amma kada a ɗauki abin da wasa. In sujadar Hausa ta zama ta masu furfura kaɗai, nan da shekaru kaɗan za a rasa mai karanta Zabura da Hausa ba gargada, a rasa mai jan waƙa a wurin makoki, a rasa wanda za a aika ƙauyukan Maguzawa inda ba a jin Turanci. Sannan masu cewa Bahaushe ba ya zama Kirista, Kirista kuma ba ya zama Bahaushe, su sami abin nunawa, alhali Wusasa kanta ita ce amsar wannan magana kusan shekara ɗari.

Abin da ke aiki shi ne a ba yaro hidima. A sa shi karatun sashe ɗaya da Hausa, a zauna da shi a gida ya gwada har bakinsa ya faɗa. A bar matasa su shigo da jita da madannin kiɗa cikin waƙoƙin Hausa, su tsara sababbi. Addu'ar safe a gida a yi ta da Hausa ko da sau biyu a mako. Shugabanni kuma su daina tura ƙwararrun masu wa'azi sujadar Turanci kawai, a bar ta Hausa da abin da ya rage. Yara suna lura da inda manya suka sa ƙarfinsu.

Su wane ne matan nan masu anko da ke kaɗa tulu?

Zumuntar mata ce. Tulu, ganga da kacau-kacau su ne kayan kiɗansu, waƙoƙinsu kuwa da yawa su suka tsara su, ɗaya ta ja, saura su amsa. A Anglican akwai kuma Mothers' Union, wadda Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, da Women's Guild. Cocin Nijeriya ba ya naɗa mata firist, amma duk wanda ya taɓa yin rashi ko haihuwa a nan ya san su wa ke fara isowa da ruwa da itace.

Ina son a ɗaura mini aure a cocin. Daga ina zan fara?

Daga wurin firist, da wuri, kafin a sa rana a buga kati. Za a nemi katin baftisma da na tabbatarwa, da wasiƙa daga cocin ɗayan in ba a nan yake ba, a tabbatar iyaye sun yarda kuma an gama abin al'ada, a shiga ajin shawara. Ana shelar auren Lahadi uku a jere domin mai wata magana ya fito. Ba a saba ɗaura aure cikin kwanakin azumi ba.

Yaya aka yi Kiristoci Hausawa suka taru a Wusasa?

A 1900 wata tawagar CMS, ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta taso daga Legas har Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su su bar garin. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Likitan tawagar, Walter Miller, shi ne ya nace. A 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe wurin ba da magani da makaranta, ya tara yara a gidansa.

Zaman mishan a tsakiyar birni bai kwanta wa sarauta ba, bai kuma kwanta wa Turawan mulki ba, waɗanda ba sa son abin da zai taɓa yarjejeniyarsu da sarakuna. Ga kuma ƙuncin wuri. Daga ƙarshe aka ba da fili a bayan gari, aikin ya tashi zuwa Wusasa a 1929, a zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, Rabaran Guy Bullen yana ja-gaba. Jama'ar da ta taru ta haɗa Hausawa da Fulani da suka karɓi bangaskiya a birni, da zuriyar Isawa, da masu bishara daga wasu ƙabilu, irin su Malam Yohanna Gowon da ya zo daga ƙasar Angas.

Su wane ne Isawa da ake yawan ambata?

Almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda karatun Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa matsayi na musamman. An kashe shi a Kano a zamanin Sarki Abdullahi, mabiyansa suka warwatsu, wasu zuwa ƙasar Ningi, wasu cikin ƙasar Zazzau, suna riƙe da abin da ya koya musu ba tare da sun taɓa ganin ɗan mishan ba. Wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Miller, da yawa suka karɓi baftisma, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya afka wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, har aka watse. Daga cikin waɗanda suka tsira da 'ya'yansu ne wasu gidajen Wusasa suka fito. Duk wanda ke cewa bangaskiyar nan kayan Bature ce kawai bai ji labarin mutanen nan ba, domin neman da suke yi ya riga zuwan Bature.

Me ya sa ake ji da tsohon ginin cocin na ƙasa? Ba gara a shafe shi da siminti ba?

An gina shi ne lokacin da aka dawo Wusasa, kuma magina Hausawa suka gina shi yadda suka iya gina soro da zaure: tubali, azara, bakan gizo mai ɗauke da rufi, katanga mai kauri da ke riƙe sanyi a bazara. Ba a kwaikwayo cocin Ingila ba. Mutumin birni da ya shiga ba zai ji ya bar ƙasarsu ba, kuma da niyya aka yi hakan. Jama'a ta yi yawa yanzu, taron Lahadi ya fi ƙarfinsa, amma a cikinsa aka yi wa kakanni baftisma, aka ɗaura aurensu.

Siminti kuwa maƙiyin ginin ƙasa ne, ko da an shafa shi da kyakkyawar niyya. Katangar ƙasa tana shan danshi tana fitarwa. In an rufe ta da siminti, ruwan da ya shiga ta tsaga ba ya samun mafita, sai ƙasar ta ruɓe a ciki, wata rana ɓawon ya zubo da rabin katanga. Abin da ginin ke so shi ne abin da kowane tsohon gida a birni ke so: a duba rufi kafin damina, a share indararo, a cire ciyawar da ta tsiro, a sabunta yaɓe da makuba, a sa ido kan gara a jikin azara, a kuma kawar da ruwa daga gindin katanga. Maginan da suka iya ɗaura bakan gizo suna ƙarewa. Da zumuntar matasa za ta ware ranakun aikin gayya kowace shekara, ta gayyato irin waɗannan magina su yi aiki samari na kallo suna miƙa ƙasa, da an gyara gini an kuma sami magada.

Mene ne alaƙar cocin da makaranta da asibitin Wusasa?

Tare suka tashi. Makarantar St. Bartholomew da Asibitin St. Luke duk aikin mishan ɗin ne, kuma tun farko Musulmi da Kirista suke amfana da su. Akwai kuma kwalejin St. Paul, wadda ta koma Kwalejin Kufena bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970, da kwalejin tauhidi ta St. Francis inda ake horar da firistoci.

Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa ne ke kan asibitin Barau Dikko na Kaduna. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, a St. Bartholomew ya fara karatu. Ana yawan jera sunayen nan a wurin taro, amma an fi mantawa da malaman firamare, nas-nas da ungozomomi da Wusasa ta aika ko'ina a Arewa lokacin da masu ilimin boko ba su da yawa, mata a cikinsu ba kaɗan ba.

Muna da tsofaffin hotuna da littattafan kakanmu a gida. Me za mu yi da su?

Kada ku zubar, kada kuma ku bar su cikin akwati a ɗakin da ke yoyo. Tsohon Littafi Mai Tsarki mai sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwa a shafin farko, katin baftisma, littafin waƙoƙi, wasiƙu, hoton aji ko na Brigade, duk tarihi ne. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, ku ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ku zauna da dattijon da ya rage a gidan ya faɗa muku sunan kowa da ke cikin hoto, ku rubuta a baya da fensir, domin tawadar biro tana cin takarda. In ya yarda, ku naɗi muryarsa yana ba da labari, yana rera waƙoƙin da aka daina yi. Sannan ku sanar da ofishin coci abin da kuke da shi, ku ba da kwafi, asalin ya zauna a hannun iyali cikin leda mai kauri, nesa da danshi da gara.